Jere a Hawa na Goma Sha Huɗu

Ranar Talata Inna ta ce ba za ta ƙara sa komai a bakinta ba sai na ba ta amsa. Ta faɗi haka ne bayan ta suɗe kwanon tuwo, shi ya sa ban firgita sosai ba.

"Assabar Kawunki Namadi zai amshi sadaki," ta ce, tana wanke hannu. "Ni ba ni tilasta ki. Ubanki bai tilasta kowa ba har yab bar duniya. Amma in kic ce Sunke, ki tahi, ba da yawuna ba."

Sai hawaye. Inna ba ta kuka da sauti. Zuba kawai suke kamar randa ta tsage, ita kuma tana ci gaba da aikinta.

Sunke a bakin Inna na nufin Abdulƙadir, ɗan garin Sunke, mai gyaran sola a bakin kasuwar Bukkuyum, wanda ya shekara uku yana tsayuwa a ƙofar gidanmu. Ni 'yar fari ce, don haka tun da aka haife ni sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. "Ke" nake, ko "yarinyar ga". Abdulƙadir ma ba ta kiran sunansa, amma nasa ba kunya ba ce.

Tana da dalilinta. Ƙanwarta Larai a Sunke ta yi aure. Shekarar da gubar dalma ta shiga garin, lokacin da maza ke daka dutsen zinari a tsakar gida, Larai ta rasa 'ya'ya uku a damina ɗaya. Inna ce ta yi musu wanka.

"Agwagi sunka hwara mutuwa," take cewa duk sanda maganar ta taso. "Babu wanda yak kula. Sannan ɗiya."

Tun daga nan take kiwon agwagi. Ba ta ci, ba ta saidawa. Kowace safiya sai ta ƙirga su kafin ta amsa gaisuwar kowa. A lokacin nan goma sha ɗaya ne, uwa biyu da 'yan tsaki tara.

Mai sadakin Asabar kuwa shi ne Alhaji Muttaka Mu'azu, mutumin Anka, dillalin zinari. Tun da ya koma Abuja Hausarsa ta koma irin ta rediyo. Ya taɓa aure. Shekara biyu da suka wuce 'yarsu ta rasu, matar, Hamida, ta tattara ta koma gidansu a Gummi. An ce iska ce ta taɓa yarinyar.

Ran da ya fara zuwa wurina, ko zama bai gama ba ya ce, "Rufaida, kin san fentihawus?"

"Na ji labari, Alhaji."

Na sani mana. Makaranta a aji biyu na sakandare ta tsaya mini, shekarar da aka rufe ta, amma sauran na tsinta a waya da takardun naɗe ƙosai. Ranar kasuwa ni ke cike wa mutane fom. Fentihawus gida ne da aka ɗora a kan gidajen wasu, mai shi ya fi kowa nisa da ƙasa, ya fi kowa shan wahala in wuta ta ɗauke.

"Hawa na goma sha huɗu," ya ce. "Abuja gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarki. Girgije ma sai ya yi sallama."

"Ana amsa mishi?"

Bai yi dariya ba. Ya gyara tabaraunsa, wanda ba na magani ba ne.

Inna kuwa abu ɗaya ta riƙe. "Hawa goma sha huɗu. Ƙasa ba ta kai can, ƙura ba ta kai can. Ɗiyanki su tashi lahiya."

Har ta fara maganar saida gonar fadama, wadda Baba ya bari, don kayan ɗaki. Ta ce ba za a kai ɗiyarta bisa da kwanukan roba ba.

Ranar Lahadin da ta wuce Alhaji ya aiko da kyauta: kafet fari mai gashi kamar tunkiyar da ba ta taɓa zuwa kiwo ba. Ya ce daga falon gidan aka naɗo shi, don Inna ta ga irin abin da ƙafata za ta taka. Inna ta rataya shi a igiya ta bi shi da muciya. Ƙura ta fita, mai launin toka, mai nauyi. Ba ta tashi sama kamar sauran ƙura, sauka take kai tsaye. Ana tsakiyar damina. Inna ta ce masu kuɗi ma ashe ƙazamai ne, ta wanke shi a bakin kwatami, inda agwagi ke wasa, ya bushe ta shimfiɗa a ɗakinta.

*

Laraba aka yi ganin ɗaki.

A garinmu ba a jere sai mata sun je sun auna ɗakin amarya, da igiya ko da taku, don kada a sayi gadon da ba zai shiga ba. Hanyar Abuja ba ta bakin gida ba ce, ga halin da hanya ke ciki. Sai Alhaji ya ba ni lambar wata Hajiya Luba, ya ce "ejen" ɗinsa ce, wato wakiliyarsa, za ta nuna mana ta waya.

Muka zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda sabis ke kamawa. Rana tsaka. Inna ta zo da igiyarta duk da haka.

Hajiya Luba ta bayyana, mace mai jiki, janbaki har haƙori. Ta gaishe da Inna, ta juya wayar, ta tura wata ƙofa mai tsawon mutum biyu.

Fari. Ƙasa fari, bango fari, gefe ɗaya gilashi ne tun daga sama har ƙasa. Can nesa motoci kamar kiyashi. Babu kujera ko ɗaya. Babu sauti. Ko a waya sai da na ji shirun wurin, irin shirun ɗakin da aka fitar da gawa.

"Wannan falo ne, Mama," in ji Luba. Muryarta ta je ta dawo.

"Taka min," Inna ta ce. "Tun daga bangon ga."

Luba ta taka, Inna tana ƙirgawa da yatsa, tana ɗaure ƙulli a igiya. Ni ƙasa nake kallo. Duk inda takalmin Luba ya taka sai ya bar shaida, fes, kamar a kan gari.

"Hajiya, ba a share gidan?"

"Shekaranjiya aka share, ƙanwata."

"Tagogi a buɗe aka bari?"

"Ba sa buɗewa. Haka aka yi su. Injin sanyi ke ba da iska."

Sannan muka ji shi.

Dum.

Shiru.

Dum.

Inna ta ɗago. "Wa ad daka?"

"Injin sanyi ne, Mama."

"Shekara arba'in ina daka. Wagga taɓarya ta." Ta saurara, ta yi murmushi. "Ashe akwai matan kirki maƙwabta. Madalla."

Luba ta juya wayar. Ta wuce da mu ɗakin barci, ta taka, taku goma sha biyu. Inna ta gamsu. Ta naɗe igiyarta ta ce tukunya na jiran ta, ta shige gida tana lissafin labule.

Na rage ni da Luba.

"Hajiya, su wa ke ƙasanku?"

"Babu kowa. Daga hawa na tara zuwa nan babu kowa." Ta jingina da gilashi ta sauke numfashi. "Kasuwa ta juya, ƙanwata. Shekara huɗu baya da hoto kawai nake saida irin wannan, mutum bai taka ba ya saya. Yanzu ko'ina an gina dogayen nan, ga su can tsaye babu fitila. Mai kuɗi ya koma son gidan ƙasa, katangarsa, rijiyarsa, in wuta ta ɗauke ya fita da ƙafarsa. Wa zai yarda ya riƙa ciyar da lifta mai kowane wata? Shekara ɗaya da wata biyar ina kawo mutane nan. Sau uku muna sauke farashi."

Babu wanda ya ce mana gidan na saidawa ne.

"Masu sayen me suke cewa?"

"Ba sa cewa komai. Su shigo suna surutu, su yi tsit, su ce za su kira. Wani ya zo da matarsa, ta tsaya nan inda nake, ta ce gidan kamar akwai mai jiran a fita." Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Shi ya sa na ba Alhaji shawara. Gidan da babu kowa ba ya saiduwa. A yi jere, gado, labule, kwanuka a kabad, ƙanshin turaren wuta, a ga mace mai rai tana zirga-zirga. Wata uku ya isa. Na ce ya yi hayar kaya, ya ce ina, a garinsu dangin amarya ke cika ɗaki. Ai ya yi miki bayani ko?"

"Ya yi," na ce. "Dalla-dalla."

Wato ni labule ce mai numfashi, kuma gonar Baba ce za ta sayo sauran labulen.

Tana magana wayar ta karkata. A jikin gilashin, daidai gwiwar mutum, na ga shaidar hannu. Ƙaramin hannu, yatsu biyar a ware, ƙura ta manne a kansa.

Luba ta bi inda nake kallo. "Ya sake dawowa," ta ce a hankali, ba da ni take ba. Ta sunkuya ta goge da gefen gyalenta. "Maiƙo ne. Hannun yaro in ya taɓa gilashi, ƙura ba ta daina kama wurin."

Dum.

"Hajiya, daga ina sautin ke fitowa?"

"Bayan kicin. Akwai sito. Alhaji ya ce kada a nuna wa masu saye." Ta kalli wajen kicin ɗin. "Amma ke ai matar gida ce."

Ina jin ba don ni ta je ba. Ba ta son buɗewa ita kaɗai ne, ko da a waya ne ɗan rakiyar.

Ƙurar bakin ƙofar siton ta fi ta ko'ina kauri. Ta sa makulli. Dum. Ta murɗa. Ta tura.

Sautin ya tsaya.

Turmin ƙarfe a tsakiyar ɗaki. Taɓaryar ƙarfe jingine da bango, ba a cikin turmin ba. Buhunan takin zamani a jibge, wasu cike, bakinsu a ɗaure. Wani ƙaramin injin niƙa, da daro, da rariya. Babu injin sanyi a ciki.

Na danna na ɗauki hoton. Luba ta ja ƙofar ta rufe, ta ce cajinta ya kusa ƙarewa. Kafin wayar ta katse na ga tana sauri zuwa ƙofar fita, ba ta waiwaya ba.

*

Tun da fitar dare ta gagara, zance a Bukkuyum ya koma bayan la'asar. Alhamis Abdulƙadir ya zo da wankakkiyar riga, abin da ba ya yi sai Juma'a. Da na ga rigar na san sallama ya zo yi.

Ya zauna a bakin dakali, nesa da ni fiye da kullum.

"Rufaida, na zo in ce maki na janye."

"Sannu da ƙoƙari. Har da guga."

"Kak ki yi min ba'a yau." Muryarsa ta karye. "Innarki na da gaskiya. An kwashe ƙasar garinmu an zuba sabuwa, ni da hannuna na yi ɗiban, amma ba a kwashe ta cikin zuciyar mutane ba. Duk ranad da ɗanki yay yi zazzaɓi, ni za ta kalla. Kuma ni ma kaina zan kalla. Ƙannena biyu na kai makwanci ina da shekara goma sha biyar. Usama da Abdullahi. Ba ni da abin da zan ce ma uwar da ta ji tsoro."

Ya share ido da hular da ya cire. Ni ma idona ya cika, abin da ya ba ni haushi, don na shirya maganganu masu kyau.

"Shekara uku, Abdulƙadir. Ka gyara min fitila sau tara, bakwai daga ciki lafiyarta ƙalau, ni na cire waya. Yanzu ka ce in tafi bisa in zauna da girgije?"

"Can kin hi samun lahiya."

"To duba lafiyar."

Na miƙa masa wayar. Ya kalli hoton. Ya buɗe shi da yatsu biyu, ya matsa wajen buhunan, ya dawo kan turmin. Hawayen ya tsaya masa cak.

"Ina na nan?"

"Hawa na goma sha huɗu."

Ya sake kallon turmin.

"Haka Babanmu ya yi," ya ce daga baya. "Dutsen banza shi aka kai inji bakin gari, kowa shi gani. Dutse mai kyau ba a bari ido shi gane shi. Gida aka kai shi, cikin ɗaki, a dake shi da hannu, a ruhe ƙohwa. Duk mai zinari haka shika yi. Mu ko tsakar gidanmu akwai iska, akwai ruwan sama." Ya ɗago. "Tagogin na buɗewa?"

"Haka aka yi su, ba sa buɗewa."

"Ɗiyatai shekara nawa tar rasu?"

"An ce biyu da rabi. An ce iska ce."

"Mu ma haka anka ce. Sanƙarewa, ido shi juye, jiki shi riƙa hizga." Ya miƙo mini wayar kamar tana da zafi. "Akwai abin da yaz zo gidanku daga can?"

Na tuna kafet. Na tuna yadda ƙurarsa ta ƙi tashi sama.

Na faɗa masa. Ya miƙe tsaye.

"A hidda shi yau. Kak ku kaɗe, kak ku share. Ki hwaɗa ma Inna."

"In ce wa ya faɗa?"

Mu duka mun san amsar.

Na gwada duk da haka. Na nuna wa Inna hoton, ta riƙe wayar nesa da ido, ta ce ita ba ta ga komai ba sai duhu, kuma ko turmi ne, gidan da babu turmi ai ba gida ba ne. Na ce turmin dakan dutse ne. Ta ce, "Maganar ɗan Sunke ta. Wanda ƙasarsu ta ci ɗiya shi aka tambaya tsabtar gidan wani?" Ta yi sallar magariba a kan kafet ɗin, ta daɗe a sujada.

*

Juma'a bayan masallaci Alhaji Muttaka ya iso, motarsa ta toshe lungu, turarensa ya riga shi shigowa. A Anka zai kwana saboda gobe. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya. Ya ciro hankici ya shimfiɗa a kan tabarmar.

"Kin ga gidan? Klas ne ko?"

"Na gani, Alhaji. Har sito."

Ya cire tabarau. Ban taɓa ganin idonsa tsirara ba. Ja ne, ya faɗa ciki, irin na wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba.

"Luba ba ta da kai," ya ce.

"Gidan na saidawa ne?"

"Bizines ne, Rufaida, ba za ki gane ba. Kasuwa ce ta ɗan sauka. Wata uku kawai. Da an saida in gina miki a Gusau, duk irin wanda kike so."

"Dutsen fa?"

"Ina zan kai shi? Hanya kowa sai ya karɓi rabonsa, na daji su karɓa, na gari su karɓa. In ka kai inji, mai inji ya san abin da kake da shi, gobe duniya ta sani. Can babu mai hawa sai da makullina." Hausar rediyon ta fara zamewa, ta Anka tana leƙowa. "Da hannuna nika daka shi. Kamar yadda muka tashi muka gani."

"Ƙurar ce ta cika gidan."

"Ƙurar zinari ce. Arziki ce. In an share ma ba na bari a zubar, buhu ake mayar da ita, a sake wankewa."

"Alhaji, ka san abin da ya faru a Sunke."

"Sunke ƙauye ne," ya ce da sauri. "Ƙazanta ce da rashin asibiti. Wannan Abuja ce. Tayil ne. Akwai injin sanyi." Ya kalli hannunsa. "Abin da ya samu ɗiyata Fatiha hannu aka sa. Masu baƙin ciki. Na kai malamai sun yi sauka uku a falon nan."

Ya ci gaba, a hankali, kamar yana faɗa wa tabarma.

"Kusa da ni take wasa in ina aiki. Son ƙarar take. In na buga, sai ta buga ƙasa da hannu. In na tsaya, ta ce Abba ƙara."

Iska ta kaɗa dalbejiya. Rana na nan fayau, amma tsigar jikina ta tashi.

"Kana kwana a gidan?"

"Otal nake kwana."

"Don me?"

Ya mayar da tabaraun.

"In akwai mutum a ciki zai daina," ya ce. "Gida ne ya yi kewar mutane. Da kin shiga zai daina."

"Wanda zai saya fa? In yana da ƙananan ɗiya?"

Ya miƙe, ya ɗauki hankicinsa ya kaɗe. "Gobe da hantsi zan zo da mutanena wurin Kawunki. Innarki ta amince. Ke yarinya ce mai hankali, ba za ki sa uwarki kuka a gaban mutane ba."

A nan ya fi ni gaskiya, kuma ya sani. Na iya yi wa duniya ba'a. Ban iya kallon randar nan tana zuba ba.

*

Asabar na tashi na tarar an share zaure, an shimfiɗa tabarmi. Kawu Namadi ya zo tun da sassafe da babbar rigarsa ta suna da biki. Ina jiyo tarinsa daga tsakar gida.

Na ɗauki buta. Na riga na yanke cewa in aka aiko tambayata zan yi shiru, su fassara shirun yadda aka saba fassara shi.

Inna ta fito da kwanon dusa kamar kullum, ta nufi bakin kwatami tana kiran agwaginta. Na gaishe ta, ba ta amsa ba, ban damu ba, ai sai ta ƙirga.

Shirun ya yi tsawo.

Na leƙa. Tana tsaye, kwanon a hannunta, dusar na zuba kan ƙafarta.

'Yan tsakin suna kwance a bakin ruwan, inda ta wanke kafet. Bakwai ba sa motsi. Wuyansu ya lanƙwashe baya, kamar masu kallon wani abu a sama. Ɗaya yana fizge-fizge. Na taran yana tafiya, zagaye yake yi a wuri ɗaya, yana zagayawa, yana zagayawa, ba ya kuka. Uwayen biyu sun koma can jikin katanga sun tsaya.

Inna ba ta yi salati ba. Ba ta zubar da hawaye ba. Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a tafin hannunta, ta shafa wuyan da babban yatsa kamar mai son miƙar da shi. Na taɓa jin yadda ta yi wa 'ya'yan Larai wanka. Ban taɓa tunanin zan ga hannun da ta yi da shi ba.

A waje motoci suka tsaya. Ƙofofi suka buɗe suka rufe. Sallama, gaishe-gaishe, dariyar maza, muryar Kawu yana cewa bismillah, ku shigo daga ciki.

Inna ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta. Daga inda muke ana hango gefen kafet ɗin, fari tas. Jiya da rana 'yar maƙwabciyarmu mai rarrafe a kansa ta yi barci.

"Rufaida."

Na waiwaya in ga wa ya shigo. Babu kowa. Shekarata ashirin da uku ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba. Ashe a hankali take faɗarsa, kamar abin da ta daɗe tana ajiya.

"Na'am, Inna."

"Biya zaure ki ce ma Kawunki kar shi amshi komi. Ki ce ni nic ce. In sun tambaya, su shigo su gani." Ta ajiye ɗan tsakin kusa da 'yan uwansa, ta jera su. "Ki leƙa maƙwabta ki ce ma uwar mai rarrafen ga ta goya ta, asibiti za mu."

"To, Inna."

"Sannan ki tahi kasuwa ki kira min Abdulƙadir." Sunan ya ɗan tsaya mata a maƙogwaro, amma ya fita duka. "Shi ya san yadda aka kwashe irin ƙurar ga. Ki ce shi zo da shebur. Ki ce shi shigo har ciki, ba ƙohwar gida ba."

Na ja mayafina daga igiya. Na kai bakin zaure, ina jiyo muryar Alhaji Muttaka ta dawo ta rediyo, yana yi wa Kawu bayanin yadda girgije ke wucewa ta gaban falonsa. Na ɗaga labule.

A bayana, daga cikin ɗakin Inna, wani abu ya buga ƙasa.

Dum.

Maganar Alhaji ta yanke a tsakiya. Ya juyo ya kalle ni, fuskarsa ta koma launin toka.

Turminmu yana kife a gindin rumbu, ina ganin sa daga inda nake tsaye.